Sabar gida da ke mutuwa da azahar

Malam, ka ce ka mai da tsohuwar laftof ɗinka saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum tana ajiye wa sauran na'urori bayanai, ka sa mata tsarin aiki na Ubuntu kana ajiye hotunan gida da ayyukan Python, amma duk azahar sai ta mutu da kanta, da dare kuwa lafiya lau. Ni ma na sha wannan a nan Sakkwato, kuma zafi ne. A Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje.

Kafin ka taɓa komai, sa lm-sensors, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, ka buga umarnin "sensors" wajen ƙarfe biyu na rana. In furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kusantar digiri 90, ka gano ɓarawon. Da na buɗe tawa, ƙurar hunturu ta daskare a bakin fanka kamar auduga, iska ba ta fita ko kaɗan. Na share da burushi mai laushi, na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, na kai ta ɗakin da rana ba ta duka. Kada ka ajiye ta kan katifa ko darduma, kuma kada ka hura fankar da ƙarfi ba ka riƙe ta ba.

Batirin shi ya fi damuna. Yana ceton ka in an ɗauke wuta, amma zafi da caji dare da rana suna kumbura shi. In ka ga wurin linzami ya ɗago, alamar batirin ya kumbura ke nan, cire ta daga wuta, ka kai wa mai gyara, ya canza maka batirin har da man furosesa, wanda ake shafa mata don zafinta ya riƙa fita. Hotunan nan kuma kwafe su a wani faifai tun yau.