Tambayi Makanike: Kujerun Hilux ɗina sun gaji, zan iya yi musu rigar fata da hannuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai fili. Ina da Toyota Hilux dubul-kabin ƙirar 2008, da ita nake kai kaya kasuwannin Mirya da Matamaye. Kujerunta na yadi ne, ƙura ta cinye su, ta direba ma ta yage a gefe har soso ya leƙo. Ina da aboki baduku a Birni, ya ce zai ba ni jemammun fatun akuya jajaye da rangwame. Maiɗakina tana da keken ɗinki, ni kuma hannuna bai tsoron sifana. In na haɗa ukun nan, zan iya mai da kujerun na fata ba tare da na kai wa masu aikin ba? Ɗanka daga Garin Malam, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Cikin ukun da ka lissafa, hannunka kaɗai na karɓa. Kwancewa da mayarwa aikinka ne, kuma za ka iya. Ɗinki ba naka ba ne, ba kuma na keken maiɗakinka ba. Fatun akuyar nan kuwa, ka yi wa abokinka godiya, amma kada su hau inda ake zama.

Kada dukawan Birni su ce na raina musu sana'a. Fatar jan akuyar Maradi duniya ta san ta, tun zamanin da ayari ke bi ta nan Damagaram ya haura Agadas da ita har bakin teku. A yi jaka da ita, a yi taushi, a yi gafaka ko kube, sai ta riƙe ka shekara da shekaru. Sai dai jimar da ake yi mata ta bagaruwa ce, kuma fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan ruwa. Gumin bayanka zai shiga cikinta, ta yi duhu a daidai wurin, rana ta busar da ita ta ƙage, daga nan sai tsagewa. Jan rinin kuma na karan dafi ne, ba a rufe shi da komai ba. Ka sa farar shadda ranar Juma'a ka tuƙa zuwa masallaci, kafin ka sauka bayan rigar ya gaya wa jama'a launin kujerarka. Ga ƙanƙanta: fatar akuya guda ba ta cika wuce rabin murabba'in mita ba, ta saniya kuwa takan kai murabba'in mita 4 zuwa 5. Mazaunin kujera ɗaya sai ka yi masa haɗe-haɗe, kuma kowane haɗi wurin yagewa ne. In kana son hannun abokinka ya fito a motar, ba shi rigar sitiyari, da jakar gindin giya, da aljihun bayan kujera. A can za ta yi kyau, ba mai zama a kanta.

Fatar da ake yi wa mota ta saniya ce, jimar masana'anta da sinadarin kurom, kaurinta milimita 1 ko sama da haka kaɗan, an kuma shafe fuskarta da wani fenti mai hana gumi shiga. Galibi sai an sa an kawo daga Kano. Ka yi hattara da mai sayarwa, don abin da ake miƙo wa mutum da sunan fata sau da yawa sikai ne, wato leda mai yadi a bayanta. Juya ka duba: fata ta gaske bayanta burshi-burshi ne, ba saƙa. In har kana shakka, nemi ɗan ƙyalle ka kai masa ashana. Sikai narkewa yake yana warin roba, fata kuwa ƙonewa take tana ƙaurin gashi. Ban hana ka sikai mai kyau a bayan kujera da gefunan da jiki ba ya taɓawa ba, don kamfanonin mota da kansu haka suke yi a yawancin kujerun da suke kira na fata.

Kafin ka kashe ko dala, amsa mini wannan: kilim ɗin motar, wato na'urar sanyaya iska, yana aiki? A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe a bakin Kasuwar Dole daga hantsi zuwa azahar, baƙar kujerar fata a cikinta kaskon tuya ce. Fata ba ta shan iska kamar yadi, don haka daga nan zuwa Matamaye bayanka zai jiƙe sharkaf. Da tawa ce kuma ba kilim, fata zan sa a kafaɗun kujera da gefen da ake gogawa wajen shiga da fita, inda taka ta yage, tsakiya kuma in sa yadi mai kauri. In ka nace sai fata duka, zaɓi ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka. Mai ƴan huji-hujin nan tana rage gumi, amma hunturu ɗaya ya isa ya cika hujin da ƙura.

To, ga naka aikin. Fara cire wayar batir ta baƙin kai, ka jira aƙalla daƙiƙa 90. Leƙa ƙarƙashin kujera: in ka ga soket mai ruwan ɗorawa, ko wata ƴar alama a gefen majingina da aka rubuta SRS AIRBAG, akwai jakar iska a cikin kujerar. Irin wannan, ɗinkin gefenta na musamman ne, an yi shi don ya tsinke lokacin haɗari. Wanda ya rufe shi da fata da zare mai ƙarfi ya ɗaure bakin jakar. Hilux irin taka da yawa ba su da ita a kujera, amma duba da idonka, in kuma akwai, sai dai rigar da aka yi don wannan.

Noti huɗu ke riƙe da kujerar gaba, sifana 14 ke kwance su. Tura ta baya ka cire na gaba, jawo ta gaba ka cire na baya, ka zare soket ɗin bel kafin ka ɗaga. Shimfiɗa tabarma a inuwa, kowane mataki ka ɗauki hotonsa da salula. Kada ka kwance duka rana ɗaya. Fara da ta mai zaman gefe, ta direba ta tsaya a matsayin abin dubawa, kuma motar ta ci gaba da neman abinci.

Da ka cire robobin gefe da matashin kai ka ɗaga yadin, za ka ga abin da ke ba kujera siffarta. A cikin soson akwai siraran sandunan ƙarfe da aka binne, a bayan yadin ma akwai irinsu cikin wasu dogayen aljihu, sannan ƴan zobban ƙarfe sun cije su biyun wuri guda. Su ne ke jawo rigar ta lotsa a kan layin ɗinki. Ka yanke zobban ɗaya-ɗaya da filaya mai yanka. Kada ka fizge, don in sandar ta fito daga cikin soso ka jawo wa kanka aiki. Sandunan da ke jikin yadin kuma ka adana su, sabuwar rigar da su za ta kama. Yawancin kujerun da ka ga sun yi jakar bara bayan an sake musu riga, nan aka yi ha'inci: an jefar da sandunan, an ɗaure rigar ta ƙasa kawai.

Tsohon yadin nan, komai dattinsa, shi ne ma'auninka. Kafin a farke ɗinkin da reza, sa alli ka ba kowane yanki lamba, ka ja ƴan layuka da suka ratsa kowane haɗi, don a san inda wannan ke gamuwa da wancan. A goge yankunan su miƙe. Ta direba ta riga ta saki, kada a auna da ita. A ɗauki na kujerar gefe a kifa su, sai su ba da na direba. Soson da ya lotsa a yanke ruɓaɓɓen wurin, a liƙa sabo mai tauri da gam, a sassaƙe shi ya yi daidai da ɗan'uwansa. Fata ba ta rufa asirin rami, fito da shi take yi.

Daga nan ka naɗe fata da yankunan ka kai wa mai ɗinkin kujerun mota, wanda muke ce wa tapisiye. Kekensa yana jan abin ɗinki ta sama da ta ƙasa lokaci guda, allurarsa kuma mai baki kamar aska ce. Keken gida zai karya allura, ya tattare fatar, kuma duk hujin da aka yi kuskurensa ya zauna ke nan. Tsaya a kansa ka roƙi abu uku. Mazauni a yanko shi daga gadon bayan fatar, ban da wajen ciki mai saki. A yi wa kowane yanki shafi da siririn soso mai kamar rabin santimita. Takun ɗinkin kuma ya zama mai faɗi, milimita 4 zuwa 5, da zaren poliyesta mai jure rana, don ɗinki kurkusa yanka fata yake yi.

Ranar sakawa, shanya rigar a rana na ɗan lokaci ta yi laushi, wannan kam Allah ya hore mana. Juya ta bai-bai, ka fara kama zobban tsakiya, sannan ka bi zuwa gefe kana ja kana shafawa da tafin hannu. In ba ka sami filayar zobba ba, ƴan igiyoyin robar nan masu cizo da masu gyaran wuta ke ɗaure waya da su suna yi, sai dai zafi yakan gajiyar da su. A kan majingina, lulluɓa siririyar leda a saman soson, rigar za ta zame salin-alin. Ramin ƙafafun matashin kai shi ne na ƙarshe, bayan komai ya zauna, kuma ka yanka shi ƙasa da girman da kake gani. Mayar da kujera, ɗaure noti huɗun tamau, haɗa soket, sannan batir.

Akwai gajeriyar hanya: kujerun fata na Hilux da ta yi haɗari, a wajen masu sai da kayan tsofaffin motoci. Ƙirar taka ta ɗauko daga 2005 zuwa 2015, Toyota Fortuner ta wancan zamanin ma ginin gidansu ɗaya. Tafi da ma'auni ka gwada tazarar ramukan noti. In ba su zauna ba, bar su. Ban yarda da walda ko sabon huji a ƙafar kujera ba, don a kujerun gaba maɗaurin bel a jikinta yake.

TAMBAYA: Baba, kujerun motata na fata ne tun asali, sun fara bushewa. An ce in shafa man shanu. Daga Tanut.

AMSA: Kada ka soma, ɗana. Fuskar fatar a rufe take da fenti, man ba zai shiga ba, sai ya zauna a sama ya kama ƙurar hanyar Agadas, ya yi wari, ya kuma kira kyankyaso. Fetur da omo su kuma cinye fentin suke yi. Tsumma mai laima da ɗan sabulu mai laushi sau ɗaya a mako ya isa, sai man kujerar fata na kanti lokaci-lokaci. Duk inda za ka ajiye motar, nemi gindin dogonyaro, in babu ka sa kwali a gilashin gaba.