Tambayi Likita: Yadda Fenisilin Ke Fasa Ƙwayar Bakteriya

Tambaya: Likita, ta yaya fenisilin ke kashe ƙwayar cuta, amma ba ya taɓa naman jikinmu?

Amsa: Malam, sirrin yana bangon da ya kewaye bakteriya, wanda aka saƙa da dogayen zaren sukari da gajerun igiyoyin furotin. Ruwan cikinta kullum tunkuɗo shi yake yi, bangon ne ke hana ta fashewa. To idan za ta girma ko ta rabu biyu, dole ta buɗa bangon, kamar yadda tela ke farke riga ya ƙara ƙyalle ya sake ɗinkewa. Enzayim, wato sinadaran da ke gudanar da ayyuka a jikin halitta, iri biyu ne ke wannan aiki: masu farkewa da masu ɗinki. Ƙirar fenisilin ta yi kama da bakin igiyar da masu ɗinkin ke kamawa, sai su cafke shi ya maƙale musu. Ɗinki ya tsaya cak, farkewa kuwa tana ci gaba, har bangon ya yi rauni ƙwayar ta fashe. Ka ga ke nan da hannunta take halaka kanta. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin wannan bango sam.

Tambaya: Ɗana na mura, in ba shi amoksisilin?

Amsa: A'a, Hajiya. Amoksisilin dangin fenisilin ne. Bairas ke kawo mura, shi kuma ba shi da bangon da maganin zai kama.

Tambaya: Likita, an ce in sha sau uku a rana. Ba zan iya haɗawa in sha gaba ɗaya ba?

Amsa: Kada ka haɗa. Maganin yana cin bakteriya ne lokacin da take ginin bango, waɗanda suka lafa ba ya yi musu komai. Ƙoda kuma tana tace shi da sauri: cikin kamar awa 1 rabin amoksisilin ya bar jini. Shan sa duk awa 8 shi ke sa duk wadda ta tashi rabuwa ta tarar da shi. Wasu fa a minti 20 suke ninkawa idan sun samu yanayi.

Tambaya: Me ya bambanta Augmentin da amoksisilin?

Amsa: Wasu bakteriya suna fitar da enzayim mai suna beta-laktames, wanda ke datse wani zobe da ke cikin ƙirar fenisilin kafin maganin ya isa ga masu ɗinki. A ƙwayar Augmentin mai miligiram 625, 500 amoksisilin ne, 125 kuma sinadarin kilabulanik ne da ke toshe wancan enzayim. Augmentin ya fi jawo gudawa, don haka ba a farawa da shi sai likita ya ga dalili.