Tsakar gida ba ragowar fili ba ce

Jiya da muna wanke cokula da kwanon siminti ka yi mini tambaya, magariba ta kawo jiki ban samu sukunin amsa maka ba. Maganar mutumin nan ce da ya kira mu duba filinsa, mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo. Matarsa ɗaya da 'ya'ya biyar, babban namiji ne mai shekara 12, mai bi masa mace. Yana shirin ƙaro ta biyu bayan babbar sallah, mahaifiyarsa kuma za ta baro ƙauye ta dawo hannunsa, ga kuɗin ba su wuce na ɗaki shida ba. Ka ce me zai hana a yi masa fulat guda, ƙaton falo a tsakiya, ɗakuna kewaye, in Allah ya buɗa masa nan gaba a ƙara a duk inda fili ya rage. To gyara zama, ɗana.

Abin da ya tsaya mini a maganarka shi ne "inda fili ya rage". Da wannan kalmar aka lalata gidaje masu yawa a garin nan. Kai mutum tara kake ƙirgawa, waɗanda za su tare. Ni ina ƙirga na shekara 15 masu zuwa. Amarya za ta haihu, uwargida ma ba ta gama ba. Yaron nan mai shekara 12 zai zama saurayi, wataƙila a cikin gidan zai ajiye matarsa kafin ya yi nasa. Yarinyar za ta yi aure ta tafi, amma za ta dawo wankan haihuwar fari ta yi kwana arba'in da jariri da 'yan barka. Wata ƙanwar maigidan aurenta zai mutu, ba ta da inda za ta nufa sai nan. Ga 'yan uwa daga ƙauye masu zuwa asibiti, su kwana uku su zarce wata guda. Duk waɗannan suna da wurin kwana a gidan tun kafin mu kafa turke, ko mun zana musu ko ba mu zana ba. In ba mu zana ba, tsakar gida za su cinye ɗaki bayan ɗaki.

Ita kuwa tsakar gida ita ce ɗakin da ya fi kowanne aiki. A nan ake wanki da shanya, a nan ake daka, a nan yara ke rarrafe har su miƙe. Ranar suna mata hamsin a nan za su zauna. Watan Maris da Afrilu, lokacin da kwano ya ɗauki zafi ga babu wuta, a nan ake baza tabarma a ɗaura gidan sauro a kwana. Gidan da ba shi da ita, mutum takwas ne a ɗaki ɗaya a tsakiyar bazara, taga ɗaya, kuma ka san lokacin ne sanƙarau ke yawo, cunkoso kuwa shi yake so. Shi ya sa ni da ita nake fara awo. A filin nan, in ka jera ɗakuna masu faɗin ƙafa 12 hagu da dama, ka bar ɗan lungu mai ƙafa 3 a bayansu, za ta samu kamar ƙafa 17 zuwa 20 a faɗi. Ka ja mata layi da toka, ka gaya wa mai fili a gaban shaidu cewa wannan ba wurin ɗaki ba ne ko da nan gaba.

Na taɓa yin kuskuren da kaina, ina da ƙuruciya a sana'ar. Wani ya matsa mini in tsarga masa ɗaki a tsakar gidansa don ɗansa zai yi aure, na bi son ransa. Ɗakin ya toshe tagar uwar yaron, ya kuma hau kan hanyar da ruwa ke bi ya fita. Damina ta farko, a watan Agusta, ruwa ya shiga ɗakuna biyu har ya jiƙa katifu da buhunan hatsi. Da hannuna na fasa gefen ginin na yi magudana. Tsohuwar nan ta ƙarasa rayuwarta a ɗakin da sai an kunna fitila da rana. Har yau in na bi ta layin ina jin nauyin abin a ƙirjina.

Yanzu maganar fulat. Fulat ba laifi ba ne ga mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Amma ka haɗa mata biyu a falo guda, ƙofa na kallon ƙofa, kowace motsin 'yar uwarta a idonta, ai ka gina musu rigima da bulo da siminti. Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Kowace a yi mata ciki da falo nata, ƙofarta ta buɗe a tsakar gida, a gaba a yi mata 'yar baranda. Kuma awon ya zama ɗaya, ba ragi ba ƙari. Za a ce maka uwargida ta fi 'ya'ya, a ƙara mata, ko amarya ta fi kaya, a faɗaɗa nata. Kada ka yarda. Mata suna ƙirga tayil, suna auna labule. Bambancin ƙafa ɗaya da kai ba ka ɗauka komai ba, shi za a yi shekara ashirin ana ambata. Adalcin da aka ɗora wa maigida, wani kasonsa a tef ɗinka yake. In 'ya'yan ɗaya sun yi yawa, ɗakin yara ake ƙarawa, ba nata ake faɗaɗawa ba.

Girman ɗakin ma ka lura. Mun saba da 12 da 12, kuma ya isa ɗakin yara. Amma ɗakin mace, sa gado mai ƙafa 6 da 6, sa wadrof, sa madubi, ka ga abin da ya rage wa shimfiɗar sallah da katifar mai shan nono. In da hali ka yi 12 da 14. Bulon da ƙafa biyun nan za su ci bai taka kara ya karya ba, tunda ɗakin gaba ɗaya kusan bulo 400 yake ci. Kakanninmu magina ba su da wannan sauƙin. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa in suna son ɗaki mai faɗi sai sun ɗaure bakan gizo. Duk da haka dubi yadda suka tsara gida: zaure, sai shigifa, sai cikin gida, kowace ƙofa ta kauce wa 'yar uwarta. Wannan ka riƙe shi. Ƙofar waje da ta shiga cikin gida kada su yi saiti, don mai wucewa a titi ko baƙon da ke zaure kada idonsa ya faɗa kan matan mutane.

Sai yara, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarnin a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma. A Suratun Nur, aya ta 58, an ambaci lokuta uku da yaro ba zai faɗa wa iyayensa ba sai da izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan isha. To yaron da ba shi da wani makwanci sai falon uwarsa, ina zai tsaya ya nemi izinin? Saboda haka a ɗakuna shidan nan, huɗu na matan ne, ɗaya na tsohuwa, na shidan kuwa na samari ne, ba turakar maigida ba. Na san ba zai so jin haka ba. Shi yana iya bin ɗakin mai girki har Allah ya hore masa, amma ɗan shekara 12 ba zai jira ba. Ɗakin samari a gaba ake yin sa, jikin zaure, ƙofarsa a cikin zauren ba a titi ba. Abokansa su zo su tafi ba su ratsa cikin gida ba, uban kuma ya san lokacin da ya shigo da dare. A yi masa bayi a nan gaba, shi da baƙi. In za a sa gado mai hawa biyu, ka ɗaga silin ya kai ƙafa 10, kuma fanka kada ta zo saitin gadon sama.

'Yan mata su ne can ciki, nesa da zaure, tagarsu ba ta kallon titi. Kafin a gina nasu, su kwana wurin kakarsu, ita ta samu mai miƙo mata buta, su sun samu mai sa musu ido. Ɗakin tsohuwar kuwa ka yi masa tunani sosai. Kusa da bayi, babu matakala, babu tayil mai santsi, ƙofarta inda hantsi ke sauka kuma tana hango tsakar gida daga kan tabarmarta. Kada ka manna shi da sashen ɗaya daga cikin matan, sai a ce ta zama 'yar ɗakin wance.

Taga biyu kowane ɗaki, suna fuskantar juna ko a bango biyu daban, don iska ta shiga ta fita. Tagar da ka huda a katangar iyaka matacciya ce, ranar da maƙwabci ya ta da nasa ginin ta tafi, dalilin lungun ƙafa 3 da na ce ka bari ke nan. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan duka, ka kyautata masa filasta. Na yamma shi ke shan rana ya riƙe zafi har tsakar dare, in da yadda za ka yi, sito da bayi ka jingina masa ba gadon mutum ba. Madafi ɗaya ya isa tunda girki kwana bibbiyu ne, amma kowace da wurin kulle kayan abincinta. Bayi kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Sokawe ka kai shi inda ba za a taɓa ɗora ɗaki ba kuma motar kwasa za ta iya kaiwa, ka nisanta shi da rijiya aƙalla ƙafa 50, ka kuma leƙa ka ga inda maƙwabta suka haƙa nasu.

Ɗakunan da babu kuɗinsu yanzu, turaka da na 'yan mata da na baƙi, a zana su a takardar da za a kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, in da hali a zuba harsashinsu a rufe. In kuwa yana da burin bene, yau zai faɗa, a kira injiniya ya ƙayyade pila da rodi, a bar gurbin matakala. Wanda ya zo maka bayan shekara goma ya ce ɗora mini dakin, wato rufin kankare na bene, a kan harsashin da aka yi don kwano, ka ɗauki kayanka ka bar wurin ko nawa zai ba ka. Mutane ne za su kwana a ƙarƙashi.

Akwai wadda ba a son faɗa wa mai gida, amma ni ina faɗa. Wata rana gidan nan gado zai zama. Na sha zuwa jan katanga a tsakiyar gida bayan rabo, in ga wani kason babu ƙofar fita, wani babu bayi, 'yan uba suna ratsa ɗakin juna suna harara. In tun farko kowane sashe yana da hanyarsa zuwa zaure da wurin da zai yi bayinsa, ranar rabo bulo kaɗan za a jera, zumunci ya tsira. Ba sai ka ce masa mutuwa kake hange ba, ka ce don ranar da yaran za su yi aure.

Gobe bayan asuba ka ɗauko tef da igiya da turaku da rabin buhun toka. Ka ce wa mai filin ya zo da kansa, in ya amince ya taho da uwargidan, don ita ta san inda take son murhunta. Kai za ka ja layin tsakar gidan, ni ina tsaye.