Baffa, ba asalinsa muke bincike ba, jininsa muke son sani

Assalamu alaikum Baffa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har sau biyu, kuma na ji inda ranka ya sosu. Ka ce jikanka zai zo karatu, maimakon mu tambayi ranar saukarsa sai muka aiko da tambayoyi: rukunin jininsa, jinotaif ɗinsa, da ko uwarsa da ubansa 'yan gida ɗaya ne. Har ka ce ko zama da Indiyawa ya koya mana tantance asali. Tunda ba kai kaɗai ke wannan tambayar ba, ka yi haƙuri in amsa a fili.

Mu Hausawan da ke zaune a birnin Haidarabad na Indiya ba mu da yawa. Ɗalibai ne, da 'yan kasuwa, da irina masu raka marasa lafiya asibiti muna yi musu tafinta, yawancinmu a unguwar Tolichowki da kewayenta. Muna da littafi guda, wanda yanzu ya koma waya, duk wanda ya zo zama sai an rubuta sunansa da jininsa da lambar wani nasa a gida. Asibiti ne ya koya mana wannan.

Shekarata ta biyu a nan, ina zaune da wani bawan Allah da za a yi wa tiyata, likitar da ke ba da allurar barci ta zo kan wani dattijo a gadon da ke kusa da mu. Kafin ta auna komai ta tambayi matarsa ko su 'yan wace al'umma ce. Matar ta ce Baisiya, wata al'umma ta 'yan kasuwa a nan. Likitar ta ɗauko jan biro ta ja layi a saman takardarsa. Raina ya ɓaci, na ɗauka wariya ce har a bakin ɗakin tiyata. Daga baya ita da kanta ta yi mini bayani. Akwai allurar da ke sakin jijiyoyin jiki lokacin tiyata, ga yawancin mutane cikin 'yan mintoci take sakinsu. Amma da dama daga cikin Baisiya sun gaji ƙarancin sinadarin da ke narkar da ita, sai ta riƙe mutum awanni bai iya numfashi da kansa ba. Jan layin nan ransa yake tsarewa.

Dalilin kuwa shi ne al'ummomin nan sun shafe ɗaruruwan shekaru, wasu dubbai, suna aure a tsakaninsu kaɗai. Kamar kududdufi ne da ba ya samun sabon ruwa: abin da ya faɗa ciki tun zamanin kaka da kakanni yana nan yana zagayawa. A nan garin akwai cibiyar bincike da ake kira CCMB, inda wani masani, Kumarasamy Thangaraj, ya daɗe yana binciken gadon jinin al'ummomin nan. A 2017 shi da abokan aikinsa, har da na Amurka, sun duba al'ummomi sama da 260 na Kudancin Asiya, suka gano 81 da suka fito daga tsatso ƙanƙani ƙwarai, ta yadda kowace na iya ɗauke da ciwon gadonta na daban. A cikinsu 14 kowace ta haura mutum miliyan ɗaya. Shi ya sa likita a nan ba ya jin kunyar tambayar daga ina ka fito.

To mu fa? Likitan ya san Baisiya, ya san mutanen duwatsun Nilgiri na kudancin Indiya, amma ba lallai ya san Bahaushe ba. Ma'aunin da ke hannunsa ba da jikin mutanenmu aka yi shi ba. Wani yaronmu ya je da zazzaɓi, aka ga wani nau'in fararen ƙwayoyin jininsa ya yi ƙasa, hankalin kowa ya tashi, har ana maganar a huda ƙashi a ɗebo ɓargo. Sai wani babban likitan jini ya dubi yaron, ya tambayi ƙasarsu, ya ce a dakata. Mafi yawanmu mutanen Afirka ta Yamma ba mu da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininmu. Rashinta na kare mu daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro da ya yawaita a Indiya, kuma yana tafiya da ƙarancin waɗancan fararen ƙwayoyin ba tare da wata cuta ba. Yaron ya sha magani kwana uku ya koma makaranta.

Inda littafin ya fi yi mana rana shi ne ƙarin jini. Mai sikila da ake yawan ƙara wa jini ba rukunin A ko O kaɗai ake duba masa ba, akwai ƙananan alamomi irin Duffy ɗin nan, kuma namu sun fi dacewa da na junanmu fiye da na Indiyawa. Idan aka yi ta ƙara masa wanda bai dace ba, jikinsa kan fara yaƙar jinin. Na taɓa tayar da samari huɗu ƙarfe biyun dare su ba da jini ga wata yarinya da aka kawo daga gida. Suka hau keke mai ƙafa uku, ɗaya ko takalmi bai tsaya nema ba, silifas ɗin wanka ne a ƙafarsa. Da ba a rubuce jininsu yake ba, da gari ya waye muna buga waya.

Kada ka ɗauka sikila tamu ce mu kaɗai. Tun 1952 Hermann Lehmann da Marie Cutbush suka same ta a tsakanin ƙabilun Nilgiri a Tamil Nadu, kuma tana nan a Wayanad ta Kerala. Sai dai tasu wani reshe ne daban, galibi ya fi namu sauƙi, domin jininsu na riƙe irin na jarirai da yawa har girma. Don haka idan namu ya kwanta, dole wani ya tsaya ya ce wa likita wannan ta Najeriya ce, kada a yi mata sanyin jiki. A Yulin 2023 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin gwada mutum miliyan 70, ana ba kowa kati, da burin kawar da cutar kafin 2047.

Batun ko iyayensa 'yan uwa ne, na san shi ya fi ci maka rai. Baffa, ni kaina 'yar Goggo nake aure, kai ka karɓa mini. Abin da Allah ya halatta ba mu isa mu kushe shi ba. Mutanen kudancin Indiya ma suna auren dangi, a Tamil Nadu da Karnataka da Andhra kusan aure ɗaya cikin huɗu na dangi ne, har wasu Hindu kan auri 'yar yayarsu, abin da addininmu ya haramta. Shi ya sa tambayar ke cikin takardun asibitinsu, kuma gara mu san amsar kafin a tambaye mu yaro na kwance. Abin da muka ɗauka a wurinsu shi ne gwaji da wuri, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba za ta raba zumunci ba. Kano ma ta sa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma wanda ya bari sai an sa rana ya riga ya makara.

Fifikon asali kuwa muna ganin ɓarnarsa da idonmu, muna ganin wanda ake ƙyamar shan ruwa a kofinsa, kuma ba mu yarda ya shigo mana ba. A littafinmu babu gurbin ɗan wane ko sana'ar gidansu. Gurbin jinotaif ma mutum biyu kaɗai ke gani, ni da wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya.

Don haka a taimaka a kai shi a gwada, a turo hoton takardar, kada a dogara da abin da aka tuna tun yana firamare. A haɗo da ranar jirgin, ni zan je filin jirgin Shamshabad in tarbe shi da kaina. Uwargida kuma ta ce a roƙi Inna ta saka masa daddawa da kuka a jaka, namu sun ƙare tun azumi.