Canza shokazobar gaban Corolla a gida

Malam, ka ce Corolla ɗinka ta 2005 tana ƙwanƙwasa ta gaba in ta faɗa rami, kana so ka san ko za ka iya canza shokazoba da kanka. Za ka iya. Sau biyu na yi a kan irin motar, a ƙofar gida. Sai dai akwai noti ɗaya da nake roƙonka kada ka kusance shi.

Kafin ka kashe kuɗi, leƙa bayan taya. In ka ga mai ya jiƙe jikin shokazobar, ƙura ta manne ta yi baƙi, ta mutu. In a bushe take, girgiza ɗan siririn ƙarfen nan da kanikawa ke kira linkej. Sau da yawa shi ne mai ƙarar, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Cirewar ba wuya. Sassauta notocin taya tun mota na ƙasa, ka ɗaga, ka sa mata abin tokare mai ƙarfi, kada ka amince wa jak shi kaɗai, bulon siminti kuwa fashewa yake. Kwance linkej da maƙalin tiyon birki, sai manyan notoci biyu na ƙasa. Su ne za su sa ka gumi, ka fesa musu mai tun ana gobe za ka yi aikin. Da sun fita, tallafe gindin tayar, don in ya rinjayo waje yakan finciki tiyon birki ko ya zaro shaf, wato ƙarfen da ke juya taya. Sannan ka buɗe bonet ka kwance ƙananan notoci uku na sama, hannu ɗaya na riƙe da ita.

To, babban notin tsakiya da ƙananan ukun nan suka kewaye, shi ne maganar. Shi ke danne sifirin, sifirin kuwa shi ke ɗauke da nauyin gaban mota. Karon farko ban da maƙurin sifirin, sai wani maƙwabcina ya ce mu ɗaure shi da igiya ya taka da ƙafa, wai haka ake yi. Saura zagaye biyu notin ya fita, igiyar ta tsinke. Murfin saman ya wuce ta gefen kunnena ya lotsa ƙyauren gida, har yau alamar na nan, maiɗakina ba ta gajiya da nuna wa baƙi. Tun daga ranar, ɗungurungum nake ɗaukar shokazobar in kai gareji mai abin matsewa, su juya sifirin kan sabuwar, in dawo in ɗaura abina. Ka tsaya a kansu su zaunar da bakin sifirin a gurbinsa, a kuma duba robar sama da borin ɗinta, in ba haka ba sitiyari zai riƙa ƙara in kana kwana.

Ka canza biyun tare, hagu da dama, kuma kowace da ɓangarenta. Ni na fi son sabuwar KYB a kan ta Beljiyam, amma jabunta ya cika kasuwa, don haka in za ka kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tafi da wanda ya san kaya.

Da ka gama, wuce wurin alaimen a ranar. Na taɓa cewa sai ƙarshen wata, kafin nan cikin tayar dama ya cinye.