Abincin yaran Sifaniya ya fi namu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƴaƴan yayana da ke zaune a Sifaniya sun zo mana hutu. Da safe ba sa taɓa kunu, sai madara mai cakulan da biskit, da la'asar kuma biskit da lemun gwangwani. Yanzu nawa ma sun fara ƙin fura. In bar su su bi sahu?
Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Kada ki bari. Abin da kika gani shi ne likitocin Sifaniya ke kuka da shi. Binciken ALADINO na gwamnatin ƙasar ya nuna a 2019 kusan kashi 40 cikin ɗari na yara masu shekara 6 zuwa 9 nauyinsu ya wuce ƙima. A 2023 ya sauko zuwa wajen kashi 36, kuma abin ya fi kama ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi.

A al'adarsu sau biyar yaro ke ci: karin kumallo, ɗan taɓa-ka-lashe da hantsi, babban abinci wajen ƙarfe 2, wani da la'asar, sai na dare wajen ƙarfe 9. Babban abincin ba laifi: wake, kifi, ganye, man zaitun. Ɓarnar tana cikin na safe da na la'asar, inda biskit da kayan zaƙi suka ture burodi da ƴaƴan itace. Shi ya sa a 2025 aka kafa doka cewa makarantu su riƙa ba yara kayan lambu da ƴaƴan itace kullum, a kuma hana lemu mai sukari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son sukarin da ake ƙarawa ya tsaya wajen giram 25 a yini, ƙaramin cokali shida ke nan. Gwangwanin lemu ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35. Yaro ya sha, cikinsa ya cika na ɗan lokaci, ya ture tuwo, an jima yunwa ta dawo.

Ki dama fura da nono, sukari cokali ɗaya ya isa. Idan sun saba da zaƙi, ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, don yankewa lokaci guda kan sa su ƙi ta gaba ɗaya. Da la'asar a ba su gyaɗa da dabino biyu ko uku, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. A nan ƙarancin jini ya fi ƙiba damun yaranmu, musamman ƴan mata, saboda haka ki matsa lemun tsami a kan wake don jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, shayi kuma a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci, domin shayin yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa.