Hawan Dutsen Kenya Zuwa Kwarin Teleki: Tambayoyinku da Amsoshin Likita

Tambayoyin wannan makon duk a kan tafiya guda suke: hawan Dutsen Kenya ta hanyar Naro Moru. Ana farowa daga daji, a kwana a tashar duba yanayi mai tsayin kimanin mita 3,050, a ratsa wata fadama mai laka da ke kwance a jikin gangare, sannan a faɗa Kwarin Teleki, inda sansanin Mackinder yake a kimanin mita 4,200. Daga nan masu sauran ƙarfi ke tashi cikin dare su nufi ƙololuwar Lenana, mita 4,985.

Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne daga Kano, ina buga ƙwallo, ina gudu kowace safiya. Mu shida za mu je. An tsara mana kwana ɗaya a tashar duba yanayi, ɗaya a sansanin Mackinder, da asuba mu hau Lenana. Ashe mai motsa jiki irina yana da abin tsoro?

Wa alaikumus salam. Yana da shi, ɗan'uwa. Gudun da kake yi zai amfani ƙafafunka da zuciyarka, amma ba ya kare mutum daga ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin ke jawowa a wuri mai tsayi. Sau da yawa ma masu ji da ƙarfi ne ke fara faɗawa ciki, don su ne ke wuce kowa a hanya.

Kano ba ta wuce mita 500 daga matakin teku ba. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato ko wurin kwananku na farko bai kai ba. A mita 4,200 nauyin iska ya ragu zuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ake samu a bakin teku, saboda haka duk numfashin da ka ja, oksijin ɗin da ke shiga jininka ya ragu. Jiki na iya sabawa, amma kwanaki yake buƙata.

Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suke bi ita ce: da zarar an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Tsarin da aka yi muku ya ƙara sama da mita 1,100 a yini ɗaya. Wannan ce illar hanyar Naro Moru: gajera ce, mota na kai mutum sama da wuri, sai jiki ya rasa lokacin sabawa. Da ni ne, sai in nemi a ƙara kwana a garin Naro Moru ko Nanyuki, a ƙara wani a tashar duba yanayi, inda za ku ɗan hau da rana ku dawo ƙasa ku kwana. Ko kuma ku hau ta hanyar Sirimon, wadda hawanta ya fi sauƙi, kuma ba ta kai wannan jiƙewa ba. Kuɗin zai ƙaru, na sani.

Ciwon yakan fara ne awa shida zuwa goma sha biyu bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri, kasala. Wanda ya ji haka ya tsaya inda yake, ya sha farasitamol, kada ya ƙara ko taku ɗaya sama sai ya warware. Idan bai ji sauƙi ba cikin yini guda, ko abin na ƙaruwa, ya sauka.

Akwai alamu biyu da ba a jira da su. Ta farko, mutum yana zaune amma yana haki, ga tari, wani lokaci da kaki mai kumfa ko mai ratsin jini. Ruwa ne ke taruwa a huhu, kuma ya fi bayyana a dare na biyu zuwa na huɗu. Ta biyu, mutum ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko barcin da ake wahalar tashinsa. Wannan kumburin ƙwaƙwalwa ne. Ku ja layi a ƙasa, ku ce ya bi shi yana ɗora diddige a gaban yatsu. In ya kasa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, da mai rakiya, mita 500 zuwa 1,000 ko har sai ya farfaɗo. Mai wannan hali yakan rantse lafiyarsa ƙalau. Kada ku saurare shi.

Maganin rigakafi akwai: Diamox, miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira allura a yatsu, kuma lemon kwalba kan canza ɗanɗano a baki. Likita ne zai rubuta maka bayan ya ji tarihinka, musamman in wani magani ya taɓa yi maka borin jini. Ba kuma lasisin sauri ba ne. Ƙwayar barci, kodin da tiramadol kuwa, a bar su gida, suna rage numfashi cikin barci.

Likita, jinina AS ne, ƙanina kuma SS. Dukanmu muna cikin ayarin. Me ka gani?

Ƙaninka kada ya je. Ƙarancin oksijin, sanyi, gajiya da bushewar jiki, kowanne shi kaɗai na iya tayar wa mai sikila ciwo, a Kwarin Teleki kuma duk huɗun sun haɗu, ga asibiti da nisa. Ya jira ku a Nairobi, can ma ya riƙa shan ruwa sosai, don tsayinta ya haura mita 1,600.

Kai kuma, yawancin masu AS suna hawa su sauko lafiya. Sai dai an san cewa a tsauni jini kan iya toshewa a saifar mai AS. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ɓangaren hagu na ciki daga sama, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu, sau da yawa da amai. In ka ji haka, ba gyambon ciki ba ne balle ka ce za ka daure: sauka, sai asibiti. Ka faɗa wa ɗan jagoranku tun kafin a tashi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS, da yawa ba su sani ba, don haka sauran 'yan ayarin ma su je a gwada su.

Barka da aiki Likita. Maigidana ya haura shekara hamsin, yana da ciwon suga da hawan jini, yana allurar insulin. Ya kafe sai ya je. Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, damuwarki na kan hanya, amma ba lallai a hana shi ba. Abin dubawa shi ne ko ciwukan suna ƙarƙashin kulawa. Ya ga likitansa makonni kafin tafiya, a auna zuciyarsa da ƙodarsa, a duba idanu da tafin ƙafa. In yana jin ciwon ƙirji ko haki idan ya hau bene, to maganar ta ƙare.

In an ba shi dama, ga abin da ya kamata ya sani. Insulin na lalacewa in ya daskare, kuma a kwarin nan sanyin dare na sauka ƙasa da sifili, don haka a aljihun ciki zai ajiye shi, da dare kuma cikin jakar barcinsa. Na'urar auna suga ma takan yi kuskure a sanyi, ya ɗumama ta a jikinsa kafin ya gwada. Tafiyar yini guda na cinye suga, tsauni kuma na kashe son abinci, ga shi faɗuwar suga da ciwon tsauni suna kama da juna. Duk lokacin da ya ji wani iri, ya fara da awo, dabino kuma kada ya rabu da aljihunsa. Jini kan ɗan hau a tsauni, saboda haka ba a ajiye maganin hawan jini. Batun Diamox kuwa, ga mai suga ko mai shan maganin da ke sa fitsari, likitansa kaɗai zai yanke.

Likita, an ce fadamar nan laka ce har ƙauri. Wane takalmi ya dace? Kuma yaya batun alwala a wannan sanyi?

Takalmin hawan dutse mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga, kuma ka yi makonni kana yawo da shi kafin tafiya, don sabon takalmi shi ke kawo bororo. Safa ta ulu, da wata busasshiya a leda wadda ba a taɓawa sai an isa masauki. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe zafin jiki, saboda haka shadda da wandon jins ba na wannan tafiya ba ne. A duk mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi, kuma hadari ya fi haɗuwa bayan azahar, shi ya sa ake sammako. Watannin Janairu da Fabrairu, da kuma Agusta da Satumba, sun fi rangwamen ruwa. Wanda ya jiƙe yana rawar ɗari, a canza masa kaya, a ba shi shayi mai zafi da sukari. In rawar ta tsaya alhali yana ƙara ruɗewa, abin ya yi tsanani. Sandar dogarawa kuma za ta ceci gwiwa wajen saukowa.

Alwala, ka nemi ruwan ɗumi wurin masu girki, ka tsane ƙafa sarai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa. Hukuncin shafa a kan huffi ko taimama na malamai ne, ka tambaye su tun kana gida.

In zazzaɓi ya kama ni a can sama, maleriya ce ko tsaunin ne?

Sauron maleriya ba ya rayuwa a wannan tsayi, amma kana iya zuwa da ita a jininka daga gida ta tashi a can. Ciwon tsauni na yau da kullum ba ya zuwa da zazzaɓi mai zafi. Zazzaɓi tare da tari da haki kuwa, a ɗauke shi a matsayin matsalar huhu. Ko wanne ne, sauka za ka yi a gwada jininka a asibiti. Ruwan ƙorama ma kan jawo zazzaɓi da gudawa komai kyan ganinsa, sai an tafasa shi minti uku kafin a sha.